Ƙwan Wuta Ɗaya da Fanka Ɗaya

Akwai wata ƙaramar huda a katangar da ta raba gidanmu da na Maman Vanessa a Sabon Layi, da ƙyar babban yatsa zai shige ta. Ita ta huda ta da hannunta, da guntun rodi da dutse, a bazarar 2006. Ni kuwa Munzali, malamin firamare da ke tsayawa gaban allo yana gaya wa yara ƙarya ba ta da kyau, saboda wannan hudar na yi mata ƙarya. Don haka in zan ba da labarinta dole in haɗa da nawa, duk da nawan ba mai daɗin ji ba ne.

Sunanta Miriyamu, 'yar wani ƙauye a kan duwatsun Michika. Ta zo Mubi a 1991 tana amaryar Zacharia, direban bas da ke jigila tsakanin Mubi da Gella. Ba ta yi makaranta ba ko ta kwana ɗaya. Abin da ta iya karantawa a duniya bai wuce lambobin jikin kuɗi da lambar motar mijinta ba, amma ban taɓa jin an cuce ta a canji ba. Da kunun zaki ta fara, a bokiti, a bakin tasha. Da Zacharia ya rasu bayan 'yar gajeriyar jinya a 1999, ya bar ta da 'ya ɗaya, Vanessa, sai direbobi abokan aikinsa suka haɗa mata gudummawa. Dangi suka ce ta tattara ta koma gida ta kama noma. Ta saurare su da ladabi har suka gama, washegari ta je wurin wani mai shigo da kayan gwanjo daga Kamaru ta sayo firiza.

Firizar nan a da fara ce. Lokacin da na san ta ta koma kalar kunun gyaɗa, tana kuma da wani gurnani da ake ji har ɗakinmu. Ita ce gonar Miriyamu, ita ce shagonta. Duk wanda ya san zafin Mubi a watan Maris ya san mai ƙanƙara ba ya rasa masu sallama. Matsalar ita ce wuta, wadda take zuwa sanda ta ga dama, ta tafi ba ta ce sai an jima ba. Miriyamu ta sa wani jan ƙwan wuta a saman ƙofarta, yadda za a hango shi daga bakin layi. Da zarar ya kama, ko tana taron zumuntar mata a coci za a je a raɗa mata, ta naɗe zaninta ta taho da sauri ta jera ledojin ruwa. In an ɗauke wuta sai ta lulluɓe firizar da tsofaffin barguna uku, ta ɗaure da robar taya. Ba mai buɗe ta sai ita, ita ma in ta buɗe tana ƙirgawa da yarensu, kafin ta kai biyar ta rufe. Ƙanƙarar da ta ciro kuma sai ta binne ta a cikin garin katakon da take roƙowa wurin kafintoci, ta yi wuni ba ta narke ba. Da wannan ta biya wa Vanessa makaranta har ta zama nas a Yola.

Mu kuma gidanmu na gado ne. Kakana ya zo daga wajen Katsina da sana'ar dukanci, ya gina shi. Babana har ya koma ga Allah bai yarda an ja mana wuta ba, ya ce fitilar kananzir ba ta taɓa aiko masa da takarda ƙarshen wata ba. Bayansa gidan ya rage daga ni sai matata Ummusalma da yara da mahaifiyata, Inna, wadda ke fama da ciwon asma. In zafi ya tsananta sai numfashinta ya riƙa fita da ƙyar, kamar ana jan guga a rijiya mai zurfi.

Wata rana da azahar Miriyamu ta shigo aron turmi, ta tarar da Ummusalma tana yi wa Inna fifita, ta canja hannu ya fi sau goma. Ta tsaya ta kalle su, ta fita ba turmin. Jim kaɗan muka ji ana dukan katanga. Kafin in zagaya in ga ko lafiya, sai ga bakin waya ya leƙo ta cikin ginin.

"Malam, ka ja wayan nan," in ji ta daga can ɓangarenta. Hausarta irin ta mutanen dutse ce, mace da namiji duk "ya" ne a bakinta. "Ƙwai ɗaya, fanka ɗaya. Na Dada ne. Kar ka ƙara komai, wayan ba shi da ƙarfi."

Dada take ce wa Inna, yadda Fulani ke kiran uwa. Na tambaye ta nawa zan riƙa ba ta duk wata, ta ce in bar wannan magana. Ba ta da mita, a kan ƙiyasi take, wato kamfanin wuta ya dubi gida ya yanke abin da za a riƙa biya duk wata, an sha da yawa ko an sha kaɗan. "Ko na ba ka ko ban ba ka ba, bil ɗin ɗaya ne," ta ce. "Su kam sun riga sun rubuta abin da suke so."

Wannan maganar tata ita na riƙe na yi ta cin amana da ita har shekara takwas. Rediyo na fara jonawa, na ce ai rediyo ba ya shan komai. Sai talabijin, saboda ƙwallo. Sai dutsen guga, don malami bai kamata ya shiga aji da riga a cukurkuɗe ba. Sai hita ta ɗuma ruwan wankan yara. Daga ƙarshe wani ɗalibin foliteknik da ya gama karatu ya sayar mini da ƙaramin firij a arha, na shigo da shi a lulluɓe da zanin gado. Duk abin da na ƙara sai in gaya wa kaina ai bil ɗinta ɗaya ne. Ban taɓa gaya mata ko ɗaya ba, in ta shigo gidan kuma Ummusalma ta san ta saki labulen ɗaki.

Ita kuwa ba ta fasa al'adarta ba. Duk azumi, da an yi la'asar, sai ka ji ta kira daga bayan katanga, "Amarya, karɓa." Har Ummusalma ta haifi na huɗu amarya take ce mata. Sai ga ƙanƙara a naɗe cikin guntun buhu ta tsallako. Kwana talatin ba fashi, a lokacin da ƙanƙara ta fi kowane lokaci tsada, masu saye suna layi a ƙofarta. Mu kuma mu aika mata cinyar rago da layya, mu ɗauka mun biya.

A farkon 2014 kamfanin wuta ya canja hannu, sabbin masu shi suka raba takardu gida gida. Miriyamu ta shigo da tata bayan la'asar, ta gaida Inna, ta zauna a bakin tabarmata.

"Malam, karanta mini. Mutumin ofis ya ba ni, ya yi ta Turanci, ban kama ko ɗaya ba. Wai in zaɓa."

Zaɓi uku ne a takardar. Na farko, mutum ya zauna a kan ƙiyasi yadda yake. Na biyu, a sa masa mita irin ta da, wadda ma'aikaci zai zo ya karanta duk wata. Na uku mitar kati: ka sayi wuta tun kafin ka sha, yadda ake sayen katin waya, abin da ka sha shi kaɗai za a cire. Kuɗin mitar kai za ka fara biya, amma za a riƙa mayar maka da shi a hankali cikin wutar da kake saye. A bayan takardar kuma an yi gargaɗi biyu. Wanda ke kan ƙiyasi bil ɗinsa ba ya tsayawa, ko an kawo wuta ko ba a kawo ba, ko yana gida ko ya yi tafiya, sai in ya rubuta wa ofis. Wanda aka sa wa mita kuma, kowace iri ce, za a duba wayoyin gidansa, ba a yarda ya ja wa wani gida ba.

Karatu ɗaya na yi mata a zuci na gane komai. Mace mai firiza ɗaya da ƙwai biyu, a garin da wuta ba ta cika kwana goma sha biyar a wata ba, kati ne ya dace da ita, ko ɗan aji uku zai gane haka. Na kuma gane ran da aka sa mata mita, ran nan talabijin ɗina da firij da hita za su zama kayan ado. Ba zan ce ban tuna da fankar Inna ba, na tuna. Amma in zan faɗi gaskiya, talabijin ne ya fara zuwa mini a rai.

Sai na gyara murya. Zaɓi na farko na karanta mata shi dalla-dalla, na biyu na bi ta kansa da gudu. Da na zo na uku na faɗi kuɗin mitar da ƙarfi, na haɗiye maganar mayarwa. Na ce in katinta ya ƙare wuta za ta yanke nan take, ko ƙanƙara ta kusa kamawa, wanda gaskiya ne, amma ban ce mitar tana nuna abin da ya rage tun da sauran lokaci ba.

"Bayan fa?" ta tambaya. "Na ga akwai rubutu."

"Adireshin ofis ne da lambobin waya."

"To kai me ka gani?"

"Ki zauna inda kike, Mama. Abin da kika saba da shi ya fi."

Ta ɗan dube ni, ba daɗewa. Ta karɓi takardar ta linke ta gida huɗu, ta soke a bakin zani. "To," ta ce, "mai ilimi ya yi magana. Useko, Malam." Ta yi mini godiya da Fulatanci ta fita.

Ummusalma ta yi sakandare, kuma tana bakin murhu duk abin nan. Da ta kawo mini abinci sai ta ce, "Malam, ban ga ka juya takardar ba." Na ce mata ta ji da miyarta, gishiri ya yi yawa. Gishirin daidai yake.

Ƙarshen Oktoba na shekarar nan 'yan bindiga suka shigo Mubi. Ba zan tsaya bayanin ranar ba, wanda ya gani ba ya son a tuna masa. Miriyamu ta bi mutanen cocinsu da ƙafa ta hanyar Gella, daga ita sai zanin jikinta da Littafi Mai Tsarki da makullin gida. Mu ba mu iya fita ba sai bayan kwana huɗu, don Inna ba ta iya tafiya. A kwana na biyu na ga ana shiga gidajen da masu su suka gudu, ana fitar da kaya. Da rana tsaka, da layin ya yi tsit, na kira Bobboi tela maƙwabcinmu, muka ɓalle ƙofar bayan gidan Miriyamu, muka kinkimo firizar muka shigo da ita ɗakin Inna. Muka ɗora mata katifa da tabarmi, muka jera tukwane a kai. Ranar da muka fita, a baro na tura Inna har inda muka sami mota.

Inna ba ta dawo ba. A Yola ta rasu cikin Janairu, a gidan wani ɗan'uwanmu da mutum talatin ke kwana a ciki.

Mun dawo a farkon 2015, Miriyamu kuma sai cikin Mayu. Ta bi ta duwatsu ta shiga Kamaru, daga can aka kawo su Yola wurin 'yarta. Ta rame har sai da na ji muryarta na gane ta. Gidanta ba ƙofa, ba taga, ko cokali ba a bar mata ba. Ta fara shigowa ta yi mana gaisuwar Inna, ta yi kuka sosai. Da ta natsu na kai ta ɗakin, na sauke tukwane, na ɗaga katifa. Ta durƙusa a gaban firizar ta dafa ta da hannu biyu, tana wata waƙa da yarensu a hankali. Da ta miƙe sai ta ce, "Ɗana, Allah ya biya ka." Ba ta taɓa ce mini ɗana ba sai ran nan. Na karɓi sunan hankalina kwance, a raina na ce to, ni da ita mun yi canjaras.

Sai cikin Agusta aka gyara layinmu wuta ta dawo. Jan ƙwan ya kama, firizar ta yi gurnaninta, unguwa ta sake shan ruwan sanyi na mako biyu. Sannan bil ya iso. An tara mata na duk watannin da take gudun hijira da na bayan dawowarta, wata goma cif, watannin da ko tsuntsu ya sauka a kan waya ba abin da zai same shi. Andrawus mai kemis da ke tsallaken layi, wanda ya karɓi mitar kati tun farko, ya dawo ya tarar da sauran wutarsa yadda ya bar ta, ko ɗigo ba a taɓa ba. Shi ya ba ni labari da bakinsa yana murna, bai san inda maganar ke sukata ba.

Sau uku tana zuwa ofis. "Na ce musu ina Kamaru ina cin ganye, wa ya sha wutan?" ta gaya mana. "Suka ce me ya sa ban rubuta takarda ba kafin in tafi. Na ce ranan da ake harbi, ku kuna ofis ne?" Na rubuta mata wasiƙa da Turanci mai kyau, na raka ta muka kai. Aka karɓa, aka buga hatimi, shi ke nan. Wata safiya suka zo da tsani, suka hau falwaya suka yanke wayarta, suka naɗe ta suka jefa a mota. Gidaje biyu suka yi duhu lokaci guda.

Nan ne na yi abin da ya fi na farko muni, don na farko zan iya cewa ban san abin da zai biyo baya ba. An biya mu albashin da aka riƙe mana, sai na je na sa aka ja mini wuta da sunana. Sunana sabo ne a littafinsu, ba abin da ke kansa. Mitar kati na zaɓa, mana. Ai na karanta takardar gaba da baya.

Ranar da aka kafa ta Ummusalma ta nuna katanga da haɓa ta ce, "Hudar tana nan, ba a toshe ba." Na ce mata doka ta hana, in aka kama mu tara ce, har mitar za su cire. Gaskiya ne haka dokar take. Amma abin da ban faɗa ba shi ne firiza tana shan wuta, yanzu kuma ni ke saye. Ummusalma ta yi kwana biyu tana ajiye mini abinci ba ta zama.

Miriyamu ba ta taɓa roƙona ba. Da ta ga haske a gidanmu cewa ta yi, "Barka, Malam, Allah ya sa a sha lafiya." Firizar ta zama rumbu, tana zuba masara a ciki saboda ɓera. Gab da Ista na 2016 ta sayar da ita ga wata mai kifi. Ta taga na ga an ɗaure ta a bayan keke napep, Miriyamu tana gaya wa direban ya bi a hankali wajen kwalbati, tana gaya wa mai kifin kada ta bar murfin a buɗe. Kuɗin bai kai rabin bil ɗin ba, don haka ba ta kai musu ba, ta sa wa gidanta ƙofofi, ta sayi kasko ta fara suyar gyaɗa a bakin layi.

Azumi ya kama cikin Yuni. Ranar farko, ina zaune bayan la'asar ina duba littattafan yara, sai na ji, "Amarya, karɓa." Ga ƙanƙara cikin guntun buhu ta tsallako katanga. Muna da firij a ɗaki, ta kuma sani yanzu, tunda ba a ɓoye shi. Na tambayi Ummusalma inda Miriyamu ta samo ta, ta ce in je in tambaye ta da kaina, ai ba nisa.

Ban tambaya ba. A rana ta uku ina dawowa daga makaranta sai na hango ta a gabana wajen kasuwa, ta fito daga gidan sanyin Alhaji Gabdo inda ake sayar da ƙanƙara. Kwano ne a kanta, ta rufe da buhu. Ba ta hau keke ba, da ƙafa take tafiya cikin ranar nan, ruwan ƙanƙarar yana ɗiga ta gefen kwanon yana bin wuyanta. Cinikin gyaɗarta na wuni nawa ne? Na rage tafiya na bi ta a baya har gida, ban iya na yi mata magana a hanya ba. Kunya ce ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, har na ji da ma ƙasa ta buɗe.

Na yi sallama na shiga. Tana tsakar gida tana naɗe ƙanƙarar. Na tsuguna, abin da ban taɓa yi a gabanta ba.

"Mama, na zo in gaya miki wani abu. Takardar nan da kika kawo mini kafin gudu, ban karanta miki daidai ba. Kati ne ya fi miki. Na sani, na ɓoye. Da kin karɓa, da ba a tara miki bil ba, da firizarki tana nan. Kuma ba ƙwai ɗaya da fanka ɗaya muke sha ba, na jona talabijin da dutsen guga da hita da firij."

Ba ta daina naɗe buhun ba. "Dutsen guga kam na sani," ta ce. "Duk ranan da amarya ya jona shi, firizan yana kuka. Ka ɗauka ni kurma ne?"

Ta shiga ɗaki ta fito da Littafi Mai Tsarki, wanda ya je Kamaru ya dawo, bangonsa duk ya yage. Ba ta iya karanta shi, tana dai riƙe shi a coci, tana kuma ajiye muhimman takardu a ciki. Ta zaro takardar, har yanzu a linke gida huɗu.

"Asabar ɗin da ka karanta mini, Vanessa ya zo daga Yola. Na ba shi, ya karanta mini gaba da baya. Ya ce Mama, ki karɓi kati. Har ya ce zai biya kuɗin mitan."

Da ƙyar na ce, "To me ya sa ba ki karɓa ba?"

"In na karɓa za su cire wayan Dada. Dada zai yi numfashi da me?" Ta zauna a kan kujerar tsuguno. "Bil ɗin ba kai ka rubuta ba, Malam. Gudu ma ba kai ka kawo ba. Ni na zaɓa, idona a buɗe. Abin da ya yi mini ciwo daban ne. Da ka ce, Mama, kati ya fi miki, amma mu za mu sha wahala, da na ce to, mu zauna a haka. Abu ɗaya zan yi. Amma da ni da kai muka yi shi. Sai ka bar ni na yi ni kaɗai, kana kallona kamar wawa."

Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba, ga azumi a bakina. Na ce ta yafe mini. Ta miƙo mini takardar.

"Shekara biyu ina jira ka juya takardan nan. Karanta."

Na karanta mata, ina fassarawa layi bayan layi, zaɓi na farko da na biyu da na uku, da maganar mayar da kuɗin mita. Na juya baya na karanta gargaɗin nan biyu, har adireshin ofis da lambobin waya, don akwai su a can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Tana sauraro tana gyaɗa kai. Da na gama ta ce, "Yauwa. Haka Vanessa ma ya karanta." Ta karɓa ta mayar cikin littafin.

Na ce gobe zan ja mata waya ta hudar nan, in za su ci ni tara su ci. Na ce zan saya mata wata firizar.

"Da wane kuɗi, malamin firamare?" Ta yi 'yar dariya. "Ƙafana ma ya gaji da tsayuwa. Ka sa wayan. Ƙwai ɗaya, fanka ɗaya. Yanzu ɗauki ƙanƙaran ka kai wa amarya, yana narkewa."

Washegari na zura wayar ta hudar da ta huda, wannan karon daga ɓangarena. Firizar ban taɓa saya mata ba. Na yi ta cewa sai wata mai zuwa, har aka mayar da Vanessa aiki Michika a ƙarshen 2017, ta zo ta ɗauki uwarta suka koma gida. Ran tafiyar Miriyamu ta zare wayar da kanta, ta naɗe ta da kyau, ta miƙo wa Ummusalma ta saman katanga.

Wata goma sha bakwai ta sha wuta daga gidana, kuma ko cajin waya ba ta taɓa ƙarawa a kan ƙwan nan ɗaya da fanka ɗaya ba. Na tabbata da haka, domin mitar kati ba ta ɓoye komai, ni kuma kusan kullum sai na tsaya a gabanta na duba. Ita shekara takwas ta yi tana jin kukan firizarta, ba ta taɓa leƙowa ta ga abin da na jona ba.